Shirin labaran gari na dare a Maraɗi: ra'ayin mai saurare bayan shekara biyu

Kusan kowane dare, da zarar an idar da sallar isha'i, nakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida in kunna ƴar rediyona domin sauraron shirin labaran gari na ɗaya daga cikin gidajen rediyo masu zaman kansu da ke nan Maraɗi. Shirin ba ya wuce minti 45, kuma an kasa shi kashi uku: sanarwar hukumomi, sanarwar jama'a, sai ɗan lokacin da ake buɗe layi domin masu saurare su kira. Na shafe fiye da shekara biyu ina bin sa, na kuma taɓa takawa har gidan rediyon na ba da sanarwa da kuɗina, saboda haka ina ganin ina da bakin magana a kansa. Ba zan kama sunan gidan ba, domin a cikin abin da zan faɗa akwai yabo akwai ƙorafi, kuma ƙorafin ya shafi yawancin shirye-shirye irinsa, ba shi kaɗai ba.

Zan fara da sanarwar jama'a, domin nan ne shirin ya fi ƙarfi, kuma nan ne ya samu amincewar mutanen gari. A wannan ɓangare ake karanta rasuwa da sadakar uku da ta arba'in, da ɗaurin aure da suna da saukar karatu, da cigiyar yaro ko dabba ko takardun da suka faɗi. Wanda bai zauna a Maraɗi ba yana iya ɗaukar wannan ƙaramin abu, amma garin ya faɗaɗa ƙwarai, har mutumin Bagalam ko Mokoyo yakan yi wata bai leƙa Zariya ko Ali Ɗan Sofo ba, kuma mai shela da ƙafa ba zai iya karaɗe unguwannin nan a yini ɗaya ba kamar yadda ake yi a zamanin iyayenmu. Aikin mai shelar ne rediyon ta gada, kuma ta riƙe shi da mutunci. Mai gabatarwa ba ya gaggawa idan ya zo kan rasuwa. Yakan ambaci mamacin da laƙabin da aka san shi da shi, ya faɗi gidan da za a yi zaman makoki da masallacin da ke kusa, sannan ya maimaita lokacin jana'iza sau biyu, domin ya san a cikin masu saurarensa akwai tsofaffin da kunnensu ya yi nauyi.

Na ga yadda suke aikin da idona ranar da yayan mahaifina ya rasu. Allah ya karɓi ransa bayan la'asar, aka tsayar da cewa sai da safe za a kai shi makwancinsa domin a jira ƴaƴansa da ke Tasawa da Katsina. Na hau kabu-kabu na isa gidan rediyon ana kiran magariba, na tarar da wani matashi a bayan ƙaramin tebur da babban littafi a gabansa. Kafin ya tambaye ni komai sai da ya miƙe ya ce, "Baba, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ku zauna tukuna." Ya rubuta abin da na faɗa layi bayan layi, ya karanta mini shi daga farko, sannan ya tambaye ni ko akwai dangin da na manta. Nan na tuna ban sa gidan surukan marigayin na Tsibiri ba, abin da da ya wuce a haka da ya bar ƙulli a zukata har tsawon shekaru. Na biya jika biyu, wato sefa dubu biyu, aka karanta sau biyu, da daren da kuma da asuba, aka ba ni rasiɗi ba tare da na nema ba. Washegari mutanen da suka zo daga Madarunfa da Ɗan Isa sun ce a rediyo suka ji, tun kafin waya ta same su. Kuɗin bai yi yawa ba idan aka auna shi da wahalar da ya ɗauke mana, kuma na lura cigiyar yaro ba sa karɓar ko dala a kanta. Wata Juma'a, ranar da kasuwa ke cika maƙil, an karanta cigiyar yarinya ƴar shekara huɗu mai jan kallabi, kuma kafin a rufe shirin wani mai shayi ya kira ya ce tana wurinsa tana barci a kan benci.

Ƙanina yana zaune a Aneho, wani ƙaramin gari a bakin teku gabas da Lome, dab da iyakar Togo da Benin, inda yake sayar da albasa da busasshen barkono. Garin tsoho ne, a nan Jamusawa suka yi hedikwatarsu kafin su mayar da ita Lome a 1897. Gidan rediyon namu yana tura sautin shirin ta WhatsApp bayan an gama, kuma ta wannan hanya ƙanin nawa da sauran ƴan Maraɗi da ke zangon can suke sanin wanda ya rasu da wanda ya aurar da ƴa. Ya sha kira na da safe yana yi mini ta'aziyyar mutumin da ni da ke cikin gari ban riga na ji labarinsa ba. Wannan hidima ce ta gaske ga fatake da ƴan ci-rani, kuma kyauta ce in ban da kuɗin intanet. Sai dai turawar ba ta da tsayayyen lokaci, wata rana ta zo a daren, wata rana sai bayan kwana biyu, alhali sanarwar jana'iza da ta kwana biyu ta tashi daga gayyata ta koma labari. Ƙanin nawa ne kuma ya fara jawo hankalina ga raunin da zan yi magana a kai yanzu. Ya ce su a can babbar damuwar gari ita ce teku da ke cin ƙasa yana rushe gidajen bakin gaɓa, kuma tun da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Togo a 2019, bayan fiye da shekara 30 ba a yi ba, mutane sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa su tambayi inda aka kwana kan duwatsun da ake jerawa domin tare ruwa. Ya ce, "Yaya, mu teku ne, ku kuma Gulbi da kwazazzabai, amma ban taɓa jin an tambayi kowa a shirin naku yaushe za a gyara magudanar unguwarmu ba." Na rasa amsar da zan ba shi.

Domin a fahimci nauyin maganar, dole a tuna halin da ƙananan hukumominmu suke ciki. A 2004 aka fara zaɓen kansiloli a faɗin Nijar, kuma na ƙarshe shi ne na watan Disamba na 2020. Birnin Maraɗi an raba shi gundumomi uku, kowace da ofishinta, ga kuma babbar ma'aikatar magajin gari a sama. A watan Afrilu na 2024 hukumomin soja suka rushe majalisun ƙananan hukumomi da na birane da na jihohi, aka naɗa kantomomi su riƙe ragama. Ba ina nan ne domin in yanke hukunci a kan wannan mataki ba, kuma na san mutane da dama da ke cewa aiki ya fi sauri yanzu. Abin da ya shafi wannan sharhi shi ne, a da idan kwata ta toshe ko aka ƙara kuɗin rumfa a kasuwa, akwai kansilan unguwa da za ka tare bayan sallar asuba ka faɗa masa, ko da ba zai yi komai ba. Yanzu wannan ƙofa babu ita, saura mai unguwa, wanda shi ma sau da yawa a rediyo yake jin hukuncin kamar kowa. Ke nan shirin labaran gari ya zama kusan hanya ɗaya tilo da talaka zai san abin da ake ƙullawa da sunansa, kuma da wannan ma'auni nake auna shi.

A wannan ma'auni shirin bai cika mudu ba. Abin da ake kira labaran hukuma a cikinsa, galibi takardar sanarwa ce da aka aiko daga ofis, mai gabatarwa ya karanta ta kamar yadda ta zo, ya wuce zuwa ta gaba. An yi taro, an ƙaddamar da aiki, an kai ziyarar gani da ido, an yi kira ga jama'a da su ba da haɗin kai. Duk wannan labari ne na abin da ya riga ya faru, kuma mai saurare ba shi da abin yi da shi sai ya ce to. Abin da yake buƙata shi ne a gaya masa tun da sauran lokaci: ranar da za a fara karɓar haraji, wanda tsofaffinmu har yau suke kira lanho, da nawa ne, da wurin biya, ranar da za a tashi masu tebur daga bakin wata hanya da inda aka tanadar musu, ranar da ma'aikatan rigakafi za su shiga unguwa, domin uwa ta zauna a gida. Waɗannan sanarwowi suna zuwa, ban ce ba sa zuwa ba, amma sau da yawa sai ana gobe.

Ni kaina abin ya taɓa shafa ta. Dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su yi rajistar haihuwa, kuma wanda ya bari wa'adin ya wuce sai ya bi ta hannun alƙali kafin yaro ya samu takarda. Lokaci zuwa lokaci akan shirya zama na musamman inda alƙali da ma'aikata ke fitowa su yi wa yara da yawa takardun a wuri ɗaya, abin da ke sauƙaƙa wa marasa ƙarfi ƙwarai. Ina da jika da aka haifa a ƙauye ba a yi masa rajista ba, ga shi ya kai aji shida, jarabawa na ƙaratowa. An yi irin wannan zama na kwana uku a ɓangarenmu, amma a daren kwana na biyu shirin ya ambace shi, a cikin jimla biyu, tsakanin sanarwar wani taro da tallar maganin basir. Ba a faɗi cewa sai an zo da shaidu ba. Da sassafe na kama hannun yaron muka tafi, muka bi layi har rana ta take, da muka isa gaban tebur aka ce ina shaidunmu, kafin in koma gida in samo su an tashi. Ba na ɗora wa gidan rediyon laifin gaba ɗaya, domin mai yiwuwa takardar ce ta iso musu a makare. Amma ɗan jarida da ya san garinsa ba ya zama jiran takarda, yakan leƙa ofisoshin gundumomin nan uku a farkon mako ya tambayi abin da ke tafe, kuma idan ya samu sanarwa irin wannan ya san cewa tambayar farko da kowace uwa za ta yi ita ce, da me zan zo.

Akwai kuma matsalar harshe, wadda ta fi ba ni mamaki saboda mai gabatarwar gwani ne. Idan yana karanta sanarwar suna ko yana ba da labarin kokawa, Hausarsa tsantsa ce ta Katsinawan Maraɗi, mai daɗin ji, ba ƙaƙale. Da zarar ya ɗauki takardar ofis sai harshen ya rikiɗe, kalmomin Faransanci su riƙa faɗowa ɗaya bayan ɗaya ba fassara, har mahaifiyar yarana takan juyo ta ce, "Malam, me ya ce?" Tun watan Maris na 2025 kundin da ke jagorantar ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Idan haka ne, bai kamata a ce a tsakiyar Maraɗi mace mai sayar da ƙosai tana buƙatar tafinta kafin ta gane sanarwar da ta shafi teburinta ba. Fassara takardar hukuma aiki ne mai cin lokaci, na sani, domin na yi shekaru ina koyarwa kuma na san wuyar mayar da kalmar ofis zuwa maganar gida. Rabin sa'a kafin a shiga ɗakin watsa shiri ta isa a yi shi.

Adalci ne in faɗi lokacin da suka yi abin da ya kamata, har suka wuce. A ƙarshen watan Agusta na 2024, lokacin da aka yi ruwan nan mai ƙarfi da ya rushe gidaje ya kuma ci rayuka a cikin gari, sun ajiye tsarin shirin gefe guda, suka bar layi a buɗe har dare ya raba. Mutane suna kira suna faɗin hanyar da ta yanke da gidan da ya faɗi, mai gabatarwa yana maimaita makarantun da aka buɗe wa waɗanda suka rasa matsuguni, yana roƙon masu ɗakunan ƙasa da suka jiƙe kada su kwana a ciki. Da gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliyar, sun bayyana dalilin da kyau, sun maimaita shi kwanaki a jere har ya shiga kunnen kowa. A waɗannan kwanaki na ga abin da shirin zai iya zama. Abin da ya dame ni shi ne bayan ruwa ya janye maganar ta janye tare da shi. Maraɗi gari ne da ruwa ya taɓa tasa ɗungurungum, domin ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka bar tsohon gari a fadama aka hau tudu. Garin da ke da wannan tarihi ya cancanci shirin da zai ɗauki magudanan ruwa a matsayin labarin shekara gaba ɗaya, ya koma a watan Maris da Afrilu ya tambaya: waɗanda aka ce za a yashe, an yashe? Kwazazzabon da ya ci rabin hanya, an cike shi? Hanyoyi da gine-ginen da aka yi lokacin Maraɗi Kwalliya, wato bikin ranar Jamhuriya da garin ya karɓi baƙunci a 2015, wa ke kula da su? Tambaya irin wannan ba rashin ladabi ba ce ga hukuma, kuma na tabbata kantoma mai aiki zai so a ba shi dama ya faɗi abin da ya yi da abin da ya gagara saboda rashin kuɗi.

Lokacin kiran waya, wanda ya kamata ya toshe wannan giɓi, gajere ne kuma kusan mutane biyar ko shida ne suka mallake shi. Muryoyinsu duk mun haddace su. Kowannensu zai fara da gaida mai gabatarwa da iyalinsa da abokan fadarsu ɗaya bayan ɗaya, kafin ya zo kan magana minti biyu sun tafi. Muryar mace ba kasafai ake jin ta ba, alhali matsalar famfo da ta asibiti da ta juji a bakin ƙofa mata ne suka fi ɗanɗana su. Da za a ware lamba ta saƙon murya a tara ƙorafe-ƙorafe da rana, a zaɓi uku a kai wa ofishin da abin ya shafa, a dawo da amsa a daren Alhamis, da shirin ya canza kama ba tare da an kashe wani kuɗi mai yawa ba.

Game da talla, na san da ita gidan ke biyan ma'aikata da sayen man janareta idan wuta ta ɗauke, kuma ba na ƙyashin su samu. Roƙona ɗaya ne, a daina sa tallar masu maganin gargajiya da kiɗanta dab da sanarwar rasuwa. Wanda aka yi wa mutuwa yana zaune da baƙi ana jiran a ji sunan mamaci, bai kamata abin da zai biyo baya ya zama kirarin maganin ƙarfin maza ba. Sautin tashar kuwa a cikin gari garau yake, har a ƙaramar rediyo mai batir biyu, kuma na kama shi lafiya a Tsibiri da kan hanyar Madarunfa, sai dai ƴan uwa na wajen Dakoro sun ce ba ya isa gare su sai ta waya.

Labaran wasanni da bukukuwa suna fitowa da rai. Lokacin gasar kokawa ta takobin ƙasa, wadda aka fara a 1975 kuma Kantu na Maraɗi ya fara lashe ta, shirin yakan zama kamar dandali, yara da manya a kewaye da rediyo. Hawan salla a fadar Sarkin Katsinan Maraɗi ma suna ba da shi da tsari, su faɗi hanyoyin da dawaki za su bi domin masu ababen hawa su kauce. Zan so su ba aikin gayya na unguwanni irin wannan kulawa, domin matasan da suka fito da shebur da baro suka yashe kwata ranar Lahadi sun cancanci a ambaci unguwarsu, kuma ambaton yana sa maƙwabta su yi koyi. Haka kuma maganar layin dogo da zai taso daga Kano ya bi ta Katsina da Jibiya ya iso nan, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ta shafi filaye da gonakin mutane, amma sai a wata da watanni ba a ji ta a shirin ba.

Ga wanda ke da sanarwar rasuwa ko biki ko cigiya, ina ba shi shawara ya kai ta wannan gida ba tare da shakka ba, ya je kafin magariba, ya rubuto sunayen dangi a takarda tun daga gida. Ga ɗan Maraɗi da ke Lome ko Kwatano ko Kano, ya nemi a sa lambarsa cikin masu karɓar sautin. Wanda kuwa ke son sanin wa'adin haraji ko na takardu, kada ya dogara da shirin shi kaɗai, ya riƙa leƙa allon sanarwa na ofishin gundumarsa ko ya tambayi mai unguwa. Makon jiya na rubuta waɗannan ƙorafe-ƙorafe a takarda na kai wa matashin nan mai babban littafi, na haɗa da tambaya ɗaya da nake so a miƙa wa hukuma a kan magudanar da ta ratsa bayan makarantar unguwarmu, wadda yashi da leda suka cike tun bara. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce zai ba shugaban shirye-shirye, ya kuma rubuta lambar wayata a gefen takardar. Saura wata biyu damina ta faɗi.